Kwangilar da Aka Bayar Bisa Son Rai: Wa Ya Kamata Ya Ɗauki Asara?

  

Ya ku ƴan'uwa masu karatu, babu garin da ba shi da wani aiki da jama'a suke jira: ko famfo, ko ajin makaranta, ko rumfunan kasuwa, ko magudanar ruwa, ko ɗakin haihuwa. Ma'aikatar magajin gari ba ta da magina nata, saboda haka sai ta yi shela ta kira ƴan kwangila, kowa ya rubuta tayinsa ya rufe cikin ambulan, a buɗe a gaban shaidu ranar da aka sanya, sannan a ba wanda ya fi cancanta kuma ya fi rangwamen kuɗi. Haka dokoki suka tsara a mafi yawan ƙasashe. Amma kowa ya san cewa sau da yawa an riga an yanka an raba tun kafin a buɗe ambulan. Idan haka ta faru, wanda aka zalunta ya kai ƙara, alƙali kuma ya tabbatar an yi son rai, sai wata tambaya mai nauyi ta taso: wa ya kamata ya ɗauki asarar? Masu haƙƙi uku ne suke tsaye a bakin kotu. Akwai ɗan kwangilar da aka hana aikin da ya cancanta, akwai wanda aka ba aikin har ya riga ya zuba dukiyarsa da guminsa, sannan akwai talakawan gari, waɗanda da kuɗinsu aka yi komi kuma su ne ba a faye jin muryarsu ba.

Ya kamata tun farko mu san matsayin wannan gasa. Malamai sun halatta cinikin gwanjo, wanda ake cewa wa zai ƙara, kuma sun kafa hujja da hadisin da ke nuna Manzon Allah (SAW) ya sayar wa wani mabuƙaci kayansa ta wannan hanya. Gasar kwangila gwanjo ce a juye, domin a cikinta cewa ake yi wa zai rage. Larabawa suna kiranta munaƙasa, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke halaccinta a zaman da ta yi a Riyad cikin shekarar 2000. Abin da aka hana cikin gwanjo shi ne aka hana a nan, wato najashi, mutum ya yi tayin ƙarya don ya ruɗi sauran jama'a, da haɗa baki, da ɓoye aibi.

Mai gina gidansa da kuɗinsa, in ya ga dama ya ba ƙanensa aikin da tsada, babu wanda zai tuhume shi. Magajin gari kuwa wakili ne, matsayinsa ga dukiyar jama'a tamkar matsayin waliyyi ne ga dukiyar maraya, ba shi da izinin zaɓen abin da ya fi masa daɗi alhali ga abin da ya fi amfani ga masu dukiya. Haka nan, ranar da ya yi shela ya kira mutane gasa, ya ɗauki alkawari ga kowane ɗayansu cewa za a auna shi da mudu ɗaya da sauran. Bisa wannan alkawari ne ɗan kwangila yake sayen takardu, ya biya injiniya, ya nemi lamunin banki, ya ɓata makonni yana lissafi. Saboda haka wanda aka zame wa ƙafa cikin gasa yana da haƙƙi na gaskiya, kuma kukansa ba hassada ba ne.

Domin mu ga yadda wannan al'amari yake a aikace, bari mu duba wata shari'a da aka yi a Afirka ta Kudu, ƙasar da kotunanta suka daɗe suna fama da irin wannan ƙara. Sashe na 217 na tsarin mulkinsu na 1996 ya wajabta wa kowace hukuma, har da hukumomin garuruwa, ta yi sayayya da ba da kwangila bisa adalci, a fili, cikin gasa, tare da tattalin kuɗi. A shekarar 2009 fari ya addabi yankin Giyani da ke lardin Limpopo, har aka ayyana shi yankin da bala'i ya shafa. Aka yanke shawarar janyo ruwa da bututu daga madatsar ruwa ta Nandoni zuwa Nsami, tazarar kimanin kilomita 40, kuma hukumar gundumar Mopani ta kira ƴan kwangila. A 2010 ta ba haɗin gwiwar wasu kamfanoni biyu aikin. Kamfanin Esorfranki, wanda ya shiga gasar, ya kai ƙara. Aka soke zaɓen aka ce hukumar ta sake dubawa, sai a farkon 2011 ta sake ba waɗancan dai. Aka koma kotu, aka samu umurnin dakatar da aiki, amma aka yi ta ɗaukaka ƙara ana jan lokaci. Sai a 2014 Kotun Ƙolin Ɗaukaka Ƙara ta rushe kwangilar baki ɗaya, bayan an tabbatar cewa hukumar ta nuna son kai da mugun nufi, waɗanda aka ba aikin kuma sun yi ƙarya game da cancantarsu. Ta umurci a sake kiran gasa domin abin da ya rage na aikin. Esorfranki ya sake shiga, bai samu ba.

Daga nan kamfanin ya shigar da sabuwar ƙara, yana neman hukumar ta biya shi ribar da zai ci da an ba shi aikin tun farko. A watan Nuwamba na 2022 Kotun Tsarin Mulki ta ƙi amincewa. Ta ce ko da da gangan aka karya wancan sashe na tsarin mulki, ba ta wannan ƙofa ake neman diyya ba, domin dokar sa ido kan ayyukan hukuma ta shekarar 2000 ta riga ta tanadi hanyar gyara, kuma a cikinta ba a ba da diyya sai a yanayi na musamman. Shekara 12 ke nan daga ranar da aka ba da kwangilar, kuma a lokacin da aka karanta wannan hukunci ƙauyuka da dama na Giyani ba su ga ruwan ba tukuna.

Duk mai zuciyar adalci da ya ji wannan labari, abin da zai fara zo masa shi ne a biya kamfanin, tunda an tabbatar an cuce shi. To amma daga aljihun wa? Hukumar gari ba ta da gona, ba ta da garke. Abin da ke cikin asusunta harajin talaka ne, da kuɗin kasuwa, da kason da gwamnati ta turo domin ruwa da magani. Idan aka biya wanda aka cuta daga wannan asusu, matar da ke tafiya da tulu ita ce ta biya sau uku: ta biya wanda aka ba aikin bisa son rai, ta biya wanda zai gyara ya kammala, ta kuma biya ribar aikin da ba a yi mata ba. Wanda ya sa hannu a takarda kuwa yana gidansa, albashinsa bai ragu da ko dala ba. Wannan ɗauke zalunci ne daga kan mai ƙarfin ɗaukar lauya a aza shi kan wanda bai san hanyar kotu ba.

Akwai kuma wani dalili. Abin da shela ta yi wa ɗan kwangila alkawari shi ne awo na gaskiya, ba ta yi masa alkawarin riba ba. Ribar da ba a ci ba zato ce: farashin siminti yana iya tashi, damina tana iya ɓata aiki, mai tsammanin riba yana iya ƙarewa da bashi. Shi ya sa malaman fiƙihu suka ƙarfafa biyan abin da aka lalata wanda yake akwai shi a hannu, suka yi taka-tsantsan game da biyan abin da ake fata kawai.

Sai dai lalle ne mu saurari masu ja da wannan ra'ayi, domin hujjarsu ba ƙarama ba ce. Suna cewa: wa ya san an yi maguɗi cikin kwangila? Talaka bai san kuɗin bututu ba, bai ga takardun da ke cikin ambulan ba. Abokin gasa shi kaɗai ne yake da sani, da kuɗi, da dalilin da zai sa ya bi sawu. Shi ne idon jama'a, ko da don kansa yake kallo. Idan ya ga ɗan'uwansa ya yi shekara 12 a kotu ya fito hannu wofi, ya kuma ɓata da hukumar da yake neman aiki a wurinta gobe, to ranar da aka cuce shi zai yi shiru, ko ma ya koyi ba da toshiyar baki kamar kowa. Kotunan ƙasar da kansu ba koyaushe suka rufe wannan ƙofa ba, domin a 2006, cikin shari'ar da ake kira ta Gore, Kotun Ƙolin Ɗaukaka Ƙara ta amince gwamnati ta biya diyya saboda ma'aikatanta sun yi zamba a fili cikin wata kwangila. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk hukuncin da ya kare asusun jama'a ya bar mai gaskiya da asara, ya bar maci amana da riba, rabin adalci ne.

Kafin mu faɗi inda muka tsaya, bari mu dubi mai haƙƙi na biyu, wato wanda aka ba aikin har ya yi. A nan ma Afirka ta Kudu tana da misali. Hukumar Buffalo City, wadda ta ƙunshi birnin East London, ta ba kamfanin Asla wani aiki na unguwar Reeston ba tare da an kira sabuwar gasa ba. Kamfanin ya yi aiki, ya nemi kuɗinsa, sai hukumar ta ƙi biya, ta tafi kotu da kanta tana cewa a rushe kwangilar domin an ba da ita ba bisa doka ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. A watan Afrilu na 2019 Kotun Tsarin Mulki ta soki hukumar kan jinkirinta da halin da ta nuna, ta bayyana cewa lalle kwangilar ta saɓa wa doka, amma ta ƙi yarda a hana kamfanin haƙƙin da ya riga ya tabbata gare shi na aikin da ya yi. Tun a 2014 kotun ta shimfiɗa ƙa'ida cikin shari'ar kwangilar rabon kuɗin tallafi ga gajiyayyu, cewa wanda ya yi aiki ƙarƙashin kwangila ɓatacciya bai kamata ya yi asara ba, amma kuma ba shi da haƙƙin cin riba daga gare ta.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin fiƙihu. Idan ijara ta ɓaci bayan ma'aikaci ya riga ya yi aiki, ba a kore shi hannu wofi, ana ba shi ujratul misli, wato ladan da aka saba biyan irinsa kan irin wannan aiki, ba tare da an tsaya kan farashin da aka ƙulla cikin ɓataccen ciniki ba. Garin da ya karɓi gini ya shiga ciki, dole ya biya tubali da gumi, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kuma mummunan hali ne hukuma ta karya doka da hannunta, sannan ranar biya ta ɗauko dokar nan ta mayar da ita garkuwa. Amma wannan sassauci na wanda ya shiga da zuciya ɗaya ne. Wanda ya sayi kwangila da cin hanci, ko ya yi ƙaryar yana da kayan aiki da gwaninta alhali ba shi da su, shi abokin tarayya ne cikin cin amana, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Kuma tsohon ɗan kwangila da aka kira cikin dare aka miƙa masa aikin miliyoyi ba shela ba gasa, ba zai ce mana bai ji ƙauri ba.

To yanzu ga inda muka tsaya. Asarar da cin amana ya jawo, kan maci amana ya kamata ta sauka, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Malaman fiƙihu da yawa sun rarrabe tsakanin kuskuren mai mulki da gangancinsa: idan alƙali ko wakilin hukuma ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure, baitulmali ne ke ɗaukar nauyi, domin jama'a yake yi wa aiki; idan kuwa ya san gaskiya ya take ta, daga dukiyarsa za a biya. Tarihi ya adana mana labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya komo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi tir da haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna babu mai kawo masa kyautar. Sayyidina Umar ya kasance yana ƙididdige dukiyar gwamnoninsa, idan ya ga ta haɓaka fiye da ƙima sai ya raba ta ya mayar da kaso baitulmali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun da yake yaƙi da su. Dukan waɗannan suna nuni ga abu guda, cewa kujera ba ta zama mafaka ga mai ita.

Dokokin zamani ma sun gane haka. Dokar kuɗin hukumomin garuruwa ta Afirka ta Kudu ta 2003 ta tanadi cewa jami'in da ya kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, da gangan ko da sakaci, a karɓo su daga gare shi. A 2018 Kotun Tsarin Mulki ta umurci Bathabile Dlamini, wadda ta riƙe ma'aikatar jin daɗin jama'a lokacin rikicin kuɗin tallafi, ta biya kashi 20 cikin 100 na kuɗin wata shari'a daga aljihunta. Sai dai babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya sha kokawa cikin rahotanninsa na shekara-shekara cewa ba safai ake hukunta masu laifi a hukumomin garuruwa ba. Rubuta doka abu ne mai sauƙi, aiwatar da ita kan mai ƙarfi shi ne gwajin adalci.

Saboda haka muna ganin ɗan kwangilar da aka cuta yana bin abubuwa uku. Yana bin a tsayar da aikin da gaggawa kafin a zuba siminti, domin tun ran gini tun ran zane. Idan an bari bututu ya shiga ƙasa, alƙali da kansa yakan rasa yadda zai yi, tunda rushewa asara ce, bari kuma lada ne ga azzalumi. Yana bin a sake gasa ta gaskiya wadda zai shiga ba tare da an riƙe shi a zuci ba. Yana kuma bin a mayar masa da abin da ya kashe a zahiri wajen shirya tayinsa da neman haƙƙinsa. Idan an tabbatar da zamba, to a bi waɗanda suka ƙulla ta, mai bayarwa da mai karɓa, a biya shi daga dukiyarsu. Ta haka ne mai gaskiya ba zai yi nadamar kai ƙara ba, mai ƙishirwa kuma ba za a ƙwace masa moɗa ba.

Gaggawar nan nauyi ce kan kowa. Dokar 2000 da muka ambata ta ba mai ƙara kwana 180 ne kawai, domin kada ya yi shiru har aiki ya yi nisa sannan ya fito. A yankinmu kuwa, ƙa'idodin da ƙungiyar UEMOA ta fitar a 2005 sun nemi kowace ƙasa cikinta, har da Nijar, ta kafa hukuma mai sa ido wadda ɗan kwangila zai kai wa kuka cikin ƴan kwanaki tun kafin a je kotu. Hikimar duka ɗaya ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukumar da aka nuna mata kuskurenta kuma, mutuncinta yana cikin komawa ga gaskiya tun da wuri, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari wasiyya da kada hukuncin jiya ya hana shi gyara yau.

Muna da kalma ta ƙarshe ga ƴan'uwanmu ƴan kwangila. Akwai daga cikinku masu tsoron Allah waɗanda idan an cuce su sai su ce sun bar wa Allah, suna ganin zuwa kotu tada fitina ne. Yafe haƙƙinka na kanka alheri ne babba, kuma akwai lada. Amma cikin kwangilar da aka karkatar akwai haƙƙin da ba naka ba, akwai ajin da zai tsage kan yara, akwai rijiyar da za ta ƙafe a watan Afrilu, kuma wannan ba ka da ikon yafe shi a madadin masu shi. Abin da ka sani shaida ce a wuyanka, ɓoye shaida kuwa zunubi ne. Haka nan muna gargaɗin wanda yake shigar da ƙara domin ya tsorata hukuma, da zarar an yanka masa kaso ko an yi masa alkawarin wata kwangila sai ya janye. Wannan ya mayar da kotu kasuwa, ya sayar da shaidarsa, kuma ba shi da bambanci da wanda ya kai ƙara. Mizanin da mutum zai auna niyyarsa da shi kafin ya tafi wurin lauya shi ne ya tambayi kansa: idan aka sake gasar bisa gaskiya wani ya fi ni, zan yarda?

Mu kuma sauran jama'a, bai kamata mu riƙa kallon irin wannan shari'a kamar faɗan attajirai ba. Kuɗinmu ne ake jayayya a kansu. Ya kamata mu saba da tambaya: yaushe aka yi shelar wannan aiki, mutum nawa suka shiga, nawa aka ba da shi, wa ya sa hannu? Jami'in da ya san za a tambaye shi, kuma ya san gidansa da motarsa suna cikin lissafi, zai yi tunani sau biyu kafin ya buɗe ambulan da dare.

Allah Ya ba shugabanninmu tsoronSa cikin abin da aka ba su amana, Ya ba alƙalanmu ƙarfin zuciya da hanzari, Ya azurta ƴan kasuwarmu da halal mai albarka, Ya kuma kiyaye mu daga cin dukiyar marayu da gajiyayyu da sunan aiki. Amin.